Hoton Ƙarshe na Mma Awabu

Ranar jajibirin addu'ar arba'in ta Mma Awabu aka wayi gari da sata a gidan Baba Osumanu. Kafin mai kokon bakin lungu ta sayar da rabin tukunyarta, labari ya gama zagaye wannan gefen na unguwar Nima ta Accra, ya tsallake babbar kwata ya shiga Maamobi. Buhunan shinkafar sadaka suna nan, tunkiyar da aka ɗaure a tsakar gida tana nan tana tuƙa. Kyamara aka ɗauka, tsohuwar Yashika 'yar Japan mai baƙin jiki da goshin azurfa, irin wadda ake ɗura wa fim. Baba Osumanu ya saye ta ne a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tema, tun yana saurayi yana tuƙin motar haya ta trotro.

Samarin lungu dariya suka yi. Wa zai saci abin da ba ya nuna maka fuskarka nan take? Tsofaffi kuwa ba su yi dariya ba, don sun san abin da ke cikinta.

Mma Awabu ta rayu har ta tsufa ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Mijinta ya ɗauki kowa, amare da jariran suna da 'yan ƙwallo da alhazai masu dawowa, har awakin maƙwabta, ba don sana'a ba, don so kawai. Ita kuwa da zarar ta ga ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta juya masa baya. In ka cire ɗan hoton katin shaida, wanda ta fito a ciki kamar an kama ta da laifi, babu fuskarta ko'ina a duniya. Sai a makon ƙarshe na ciwonta, in ji Baba Osumanu, ta yarda ya ɗauke ta. Fim ɗin yana cikin kyamarar, ba a wanke ba. A unguwar kuwa, ranar arba'in akan buga fuskar mamaci a babban ƙyalle a rataye saman rumfa, a buga ta a hankici da mafici a raba wa matan ƙungiyar unguwa. Da safen nan tsohon ya yi niyyar kai fim a wanke, sai ya tarar babu.

Shi ya sa aka aika a kira Zuberu.

Zuberu mutumin wajen Bawku ne, dogo, siriri, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafa saboda yawan duban ƙasa. Da ƙuruciyarsa sawun shanun sata yake bi, daga rafi zuwa rafi. Da ya zo Accra ya tarar da garin siminti da leda, inda ƙafa dubu ke taka wuri guda kafin azahar, sai ya koma bin sawun da mutane ke bari a wasu wurare: a ƙurar saman kabad, a jikin ƙofa, a rawar murya. Yana da aibi ɗaya, kuma ya san da shi. Yana son taro. Babu abin da ke masa daɗi a duniya kamar lokacin da mutane suka yi tsit, idanu duka a kansa, shi kaɗai ya san sunan da zai faɗa.

*

Ya tarar da Baba Osumanu zaune a bakin gadon da matarsa ta cika a kai, jakar fatar kyamarar a cinyarsa, yana shafa ta kamar mai lallashin jinjiri.

"Baba, me ya hana ka wanke fim ɗin tun tuni?"

Tsohon ya ɗago jajayen idanu. "Zuberu, muddin yana ciki, tana nan zaune inda na bar ta, tana jira na. In na wanke ta zama takarda. Sai jiya na ce to, jama'a za su taru, bari su ga irin matar da Allah ya ba ni." Ya ƙara rungume jakar. "Ka nemo min ita. Kyamarar su riƙe, na yafe. Fim ɗin nake so."

"A ina jakar take?"

"A ƙusar bayan ƙofa, inda take kullum. A ɗaure. Sai da na ɗauka na ji ba nauyi."

Zuberu ya karɓi jakar ya mayar da ita kan ƙusar. Shekaru sun zana siffarta a jikin fenti, ta zauna daidai a cikin zanen. Ɓarawon titi da jaka zai tafi, ba zai tsaya ya kwance maɗauri ya zare kaya ya sake ɗaurewa ba. Wanda ya yi wannan ba ya sauri, kuma ba ya tsoron a gan shi a ɗakin.

Labule ya ɗaga, Nadia ta shigo da kofin shayi. Ita ce 'yarsu tilo, tela ce a unguwar Madina ta nan Accra, ta rufe shagonta ta dawo gida ta yi jinyar uwarta har ƙarshe. Ta rame, idanunta a bushe. Ta ajiye kofin a gaban uban ba tare da ta dube shi ba.

"'Yata, su wa ke shiga ɗakin nan?"

"Wa ba ya shiga, Baba Zuberu? Gidan makoki ne." Ta dubi ƙofa. "Wahab ya tambayi farashinta ba sau ɗaya ba. Kawu Shamsudeen kuma sun yi cacar baki da Baba a kan maganar hoton, kowa ya ji. Sai masu kawo kaya daga kasuwa."

Ta faɗi haka a hankali, kamar mai lissafa kayan miya, ta fita.

*

Wahab ɗan ƙanin Baba Osumanu ne, yana sayar da tsofaffin wayoyi a kasuwar Circle. Zuberu ya same shi a lungu yana kafa ƙarafan rumfa, gumi na zuba, idanun maƙwabta na bin sa ta kowace taga.

"Ei, Baba Zuberu, har da ni? Chale, kowa ya rasa akuya sai a ce Wahab!" Wannan "chale" ta samarin Accra, wato aboki, ba ta barin bakinsa.

"An ce ka tambayi farashinta."

"Na tambaya, ban musa ba. Yaran masu hali na unguwar Osu suna hauka a kan irin waɗannan tsofaffin abubuwan, su rataya a wuya suna yawo bakin teku. Na ce wa Baba ya sayar ya sayi waya mai kyau, ya kusa kwaɗa min sanda." Ya share fuska da gefen singileti. "Amma ka yi tunani mana. Da ni ne, zan bar jakar? Jakar ce ke sa su buɗe aljihu. Ni ɗan kasuwa ne, ba kwasiya ba, ba a haife ni wawa ba."

Zuberu ya dube shi. Akwai haɗama a fuskar, akwai tsoro, amma maganar jakar gaskiya ce.

Malam Shamsudeen, ƙanin marigayiya, yana barandar masallaci bayan azahar, carbi a hannu. Bai ma bari an gama tambayar ba.

"Na faɗa masa a gaban mutane, zan sake faɗa. Yayata ba fastar 'yan siyasa ba ce. Macen da ta rufe fuskarta duk rayuwarta, yanzu a buga ta a hankici? Mata su ci shinkafa su goge maiƙo da ita, su face majina a goshinta?" Ya nuna Zuberu da carbin. "Amma ka ji ni da kyau. Da na ɗauki abin nan, a tsakar gida zan farfasa shi da taɓarya kowa na kallo. Ni ba na shiga ɗakin mutum a ɓoye."

Zuberu ya buɗe baki zai yi wata tambayar, sai ihu ya tashi daga lungu, da yaren Ga, kalmar da kowa a Accra ya san abin da ke biyo bayanta.

"Julo! Julo! An kama ɓarawo!"

*

Lamisi ce. Kayayo ce, 'yar arewa daga wajen Walewale, mai ɗaukar kaya a ka daga Kasuwar Malam Atta. Tun da aka fara makoki ita ke kawo doya da albasa da gawayi gidan. Ta ajiye daronta a bakin kicin ta zauna cin ɗan abin da aka zuba mata, da ta tashi tafiya wata mata ta ɗaga buhunan da ke cikin daron tana neman na gidan, sai ga Yashika a ƙasa.

Kafin Zuberu ya iso an kwance goyon da ke bayanta an miƙa wa wata tsohuwa, yaron yana tsala kuka. An tsugunar da ita a bakin kwata. Matan da suka yi kwanaki suna aiken ta, suna kiran ta "ƙanwata", su ne suka fara, da takalma da ludayi da ruwan wanke-wanke. Ta kare kanta da hannu biyu tana maimaita magana ɗaya da karyayyar Hausarta.

"Ni bai ɗauka ba. Wallahi, Mma, ni bai taɓa shi ba."

Wahab ya ratso taron da guntun katako. Tun safe ake kallon sa a matsayin ɓarawo, yanzu ya samu wanda zai sauke wa. Ya ɗaga ya sauke a kan hannun da ta kare kai da shi. Zuberu ya ji ƙarar, irin ƙarar busasshen kara in an taka.

Baba Osumanu ya fito ba hula, ya fizge kyamarar daga hannun matar da ke riƙe da ita. Ya juya ɗan hannun naɗin fim na sama. Abin ya yi ta juyawa sakayau, ba abin da ke riƙe shi daga ciki. Fuskar tsohon ta koma kamar toka.

"Babu fim," ya ce.

Ya durƙusa a gaban Lamisi a cikin ƙazamin ruwan, ya haɗa hannu. "'Yata, ina kika jefar? Gaya min, ba abin da za a ƙara yi miki. Ɗan gwangwani ne ƙarami. Ina kika jefar da matata?" Da ta ci gaba da girgiza kai, wannan tsohon da bai taɓa dukan ko kaza ba ya ɗauke ta da mari.

Samari suka shiga kwata da sanduna suna tonon leda. Zuberu ya tsaya a kan Lamisi ya buɗe hannuwa, Malam Shamsudeen ya tsaya kusa da shi, da ƙyar aka janye ta zuwa ɓangaren mata na masallaci. Aka yanke cewa a nan za ta zauna, in an gama addu'a gobe a miƙa ta ga 'yan sanda. Yatsunta uku sun kumbura sun koma gefe.

Da Zuberu ya waiwaya, ya ga Nadia a ƙofar kicin da muciya a hannu. Ta kalli komai tun daga farko. Ta juya ta koma kan tukunyarta.

*

Zuberu ya san shanu, ya san mutane, bai san kyamara ba. Ya roƙi tsohon ya ba shi ita, ya hau trotro zuwa Kotobabi, wurin Alu. Alu tsohon mai hoto ne, abokin Baba Osumanu, yana da ɗan ɗaki mai duhu a bayan shagonsa inda har yanzu yake wanke fim ga tsirarun da suka rage.

Alu ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya ja ɗan hannun naɗin sama, bayan kyamarar ya buɗe da 'yar ƙara. Ya leƙa ciki ya daɗe, ya sa ɗan yatsa ya shafa.

"Ka ce mai ɗaukar kaya ce ta cire fim ɗin?"

"Haka unguwa ta ce."

"Unguwa ta yi ƙarya." Ya juyo da cikin kyamarar wajen haske. "Ka ga haƙoran nan? Su ke riƙe fim suna jan sa. Ba sa saki sai ka danna wannan ɗan maɓallin na ƙasa, wanda ba ka ma gan shi ba tun da ka shigo. Wanda bai sani ba, in har ya iya buɗe bayan, fizga zai yi, fim ya yage, gutsattsari su maƙale a haƙoran. Na sha ganin haka, jikoki suna buɗe kyamarar kakansu wai suna son ganin hoto. Nan kuwa duba. Tas. An danna maɓalli, an naɗe fim a hankali ya koma gwangwaninsa, aka buɗe aka cire. Har an mayar da murfin ido, an kulle maɓallin ɗauka don kada ya danne a banza."

"Ke nan fim ɗin bai lalace ba?"

"Wanda ya cire shi haka, hotunan suna nan lafiya a hannunsa. In dai haske bai taɓa shi ba. Haske ne kawai maƙiyinsa, ƙiftawar ido ta isa."

Zuberu ya matso kusa. "Su wa suka iya wannan a Nima?"

Alu ya yi dariya marar daɗi. "Da, da yawa. Yanzu duk suna maƙabarta. Ni, da Osumanu." Ya cire tabarau ɗaya, ya tsaya. "Da kuma 'yar nan tasa. Tun tana da kitso biyu yake ɗora ta a cinya yana koya mata. Ita ke kawo min fim duk Asabar, a dunƙule a hannu kamar ƙwai. Hannunta ya fi nasa tsabta. Ina take yanzu?"

A trotron komowa Zuberu bai ji hayaniyar kwandasta ba. Ya ga abin gaba ɗaya. Fim take so, ba kyamara ba. Da ta ga an kira mai bin sawu, ta san za a bincika ɗakuna, sai ta cusa kyamarar a daron da ya fi kusa. Hannunta ne ya tona ta, hannun da aka koya wa kada ya ɓata fim ko da a cikin sata.

Yana iya kiran ta gefe da yamman nan. Yana iya cewa, 'yata, ba ni, ba wanda zai ji, zan ce a kwata na tsinta. Ya yi wannan tunanin har ya kai bakin lungu. Sai ya tuna yatsun Lamisi, ya ce a ransa a gaban jama'a aka ɓata ta, a gaban jama'a ya kamata a wanke ta. Wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin gaskiyar akwai wani abu da ke masa ɗumi a ƙirji: gobe duk Nima za ta hallara a ƙarƙashin rumfa guda.

Ya wuce ƙofar gidan bai shiga ba.

*

Washegari lungun ya cika. Malamai a gaba a kan tabarmi, maza a kujerun roba, matan ƙungiya a baya cikin atamfa iri ɗaya. Igiyoyin da aka ɗaura don ƙyallen hoto suna reto a saman rumfa, ba komai a tsakaninsu. Da aka shafa fatiha rana ta kusa tsakiya, ta cika filin da ke tsakanin rumfa da ƙofar gida da farin haske.

Zuberu ya miƙe ya nemi izinin malamai. Ya sa aka kawo Lamisi, hannunta naɗe da tsumma, goyonta a baya. Ya kira Wahab, ya kira Malam Shamsudeen, ya kira Nadia daga kicin. Ya tsayar da su a filin, a gaban kujerar Baba Osumanu. Wurin ya yi tsit, irin tsit ɗin da yake so, ya ji daɗinsa har cikin ƙashi.

"Jama'a, wanda ya cire fim daga cikin abin nan ya iya buɗe shi. Wahab, buɗe."

Wahab ya juya kyamarar sama da ƙasa, ya danna nan ya tura can, ya sa farce a tsaga. "Chale, ina ƙofar take?" Wasu suka yi dariya.

Malam Shamsudeen ya karɓa da gefen riga kamar mai ɗaukar abin najasa, ya gwada sau ɗaya ya mayar. Zuberu ya miƙa wa Lamisi. Ta dubi kyamarar, ta dubi hannunta, ba ta motsa ba. Babu wanda ya yi dariya a nan.

Sai ya yi bayanin haƙora da ɗan maɓallin ƙasa, yadda Alu ya nuna masa, a hankali, yana jan kowace kalma. Yana magana yana kallon Baba Osumanu, ya ga lokacin da tsohon ya gane. Baba Osumanu ya juya kai ya dubi 'yarsa.

Zuberu ya miƙa mata. "Saura ke, 'yata."

Ya zaci za ta yi kamar ba ta iya ba. Nadia ta karɓa, ta ja hannun naɗin sama da yatsa biyu, bayan ya buɗe. Ta ɗaga ta nuna wa taron.

"Wannan kake son su gani, Baba Zuberu? Sun gani."

Guna-guni ya tashi kamar ƙudan zuma. Ta ajiye kyamarar a ƙasa, ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan gwangwanin fim. Guntun harshensa yana leƙe a waje.

Baba Osumanu ya miƙe, hannu a gaba. Farin ciki ne a fuskarsa, ya manta da satar, ya manta da komai. "Alhamdu lillahi. Nadia, uwata, kawo. Na yafe miki. Shigo da shi inuwa, rana ta yi yawa."

"Ka gaya musu yadda ka ɗauka."

"Ta yarda. Uwarki ta yarda."

"Ba ta yarda ba." Muryar Nadia ba ta tashi ba, amma har na bayan rumfa sun ji. "Ina wurin. Na fita ɗebo mata ruwa, na dawo na tarar ka buɗe taga, ka jingina ta da matashi, ka cire mata ɗankwali. Ta ɗaga hannu za ta ja mayafi, hannun ya faɗi. Ta sake ɗagawa, ya sake faɗi. Ka ce, 'Awabu, tsaya haka, hasken ya yi kyau.' Duk rayuwarta tana juya maka baya, ka jira har ranar da ba za ta iya juyawa ba. Tana kuka kana dannawa. Wannan kake so a raba wa mata su goge baki?"

"Ina son ta ne," in ji tsohon. Hawaye na bin gemunsa. "Ba ni da komai nata. Fuskarta ta fara ɓace min, Nadia. Ina rufe ido ba na ganin ta. Ba za a buga ba, na rantse, ni kaɗai zan riƙa kallo."

Zuberu ya matsa kusa. "'Yata, mu shiga ciki mu yi magana. Kuma ga baiwar Allah nan da aka karya wa hannu saboda ke."

Nadia ta dubi Lamisi sau ɗaya, kallon da ake yi wa kujerar da ta tare hanya. "Daronta ne a kusa. Ni ban ɗaga katako ba." Ta mayar da ido kan Zuberu. "Da ka zo min jiya ni kaɗai, da ban san abin da zan yi ba. Na kasa ƙona shi, na kasa jefarwa, uwata ce a ciki. Amma ka tara min unguwa. Yanzu in na ba shi, gobe kowa zai zo kallo."

Ta kama harshen fim ɗin da yatsa biyu.

"Nadia!" uban ya yi ƙara.

Ta ja. Fim ya fito da 'yar ƙara mai laushi, tsawon hannu, ta saki ta sake kamawa ta sake ja, ta ja har ya ƙare, doguwar igiya mai launin ƙasa tana murɗewa tana sheƙi a tsakiyar rana. Ta sake shi ya faɗi a siminti.

Baba Osumanu ya fi kowa a wurin sanin cewa an gama. Duk da haka ya ruga, ya faɗa a kai da dukan jikinsa, ya baza babbar rigarsa yana tattaro fim ɗin ƙarƙashin cikinsa da hannu biyu. "Ku tare rana! Ku kawo zane, ku tare min rana!" Babu wanda ya motsa. Malam Shamsudeen ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wahab ya zame ya ɓace a cikin samari. Nadia ta gyara ɗaurin zanenta ta koma kicin.

Lamisi ta je wurin daronta da ke jingine da bango. Ta gwada ɗaga shi da hannu ɗaya, ya suɓuce. Ta sake gwadawa. Matan da suka dake ta suna zaune kusa, kowace ta sami abin kallo a wani wajen. Daga ƙarshe ta kama bakinsa ta ja shi a ƙasa, yana ƙara a kan siminti har ta fita lungun, yaron yana barci a bayanta.

Idanu duka suna kan Zuberu har yanzu, suna jiran abin da zai ce. Ya cire rigarsa ta sama, ya durƙusa, ya riƙe ta a kan tsohon da ke kwance rub da ciki yana kiran sunan matarsa a cikin siminti.

Daga bayan rumfa shugabar matan ƙungiya ta ɗaga murya ta tambaya ko a fara raba shinkafa, tun ba ta huce ba.